Yadda za ka sa ido kan murar tsuntsaye a gidan kajinka, da abin yi idan ka ga alamarta

Duk wanda ya taɓa kiwon kajin ƙwai ya san hayaniyar da ke tarbarsa da safe idan ya turo ƙofa da buhun abinci a kafaɗa. Ran da ka buɗe ka ji tsit, kaji sun takure a gefen bango, abincin jiya na nan a mazubi, to ka tsaya. Na taɓa tsayawa a bakin irin wannan ɗaki, na wani maƙwabcinmu a bayan gari, cikin tsakiyar hunturu. Ran Talata ya tsinci kaji bakwai a mace, ya ce sanyi ne. Ran Laraba suka haura talatin, ya aika yaro kemis ya sayo garin magani aka kaɗa a ruwan sha. Da na ce, "Alhaji, a kira likitan dabbobi mana," sai ya ce, "Malam, in suka zo kashe sauran za su yi, wa zai biya ni?" Da asubar Alhamis dillali ya zo da mota ya kwashe duk wadda ke iya tsayuwa a rabin kuɗi. Kafin mako biyu gidaje uku a layin sun wayi gari babu kaza ko ɗaya, har da na wata tsohuwa da ke cefane da kuɗin ƙwan kajinta goma sha biyu. Ba a gwada ko ɗaya ba, don haka ba a taɓa sa wa cutar suna ba, kuma kajin da motar nan ta ɗauka sun shiga kasuwa.

Hukuma ba ta kwana a akurkin kowa. Likitocin dabbobi ba su da yawa, ƙauyuka kuwa ba iyaka. Idon da ke fara ganin annoba na mai kiwo ne, da yaron da ke zuba abinci, da uwargida mai watsa tsaba a tsakar gida, da masunci mai fita fadama da sassafe. Su nake yi wa wannan bayani.

Ta ina take shigowa

Nau'in murar tsuntsaye da ya fi ɓarna ana kiransa H5N1. An fara gano shi a jikin dinyoyin kiwo a kudancin Sin a 1996, kuma a 1997 ya kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu. A nahiyar Afirka kuwa, a wajenmu aka fara tabbatar da shi: a wata gonar kaji a Jaji, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, cikin Fabrairun 2006. Kafin watan ya ƙare an same shi a Magariya, a jihar Damagaram ta Nijar. Zuwa 2008 ya taɓa jihohi 25 na Najeriya da Abuja, kaji fiye da miliyan ɗaya suka mutu ko aka kashe su. Ya dawo a Janairun 2015 ta Kano da Legas, ya sake dawowa a farkon 2021. Ka lura da watannin. Ƙwayar cutar tana son sanyi, tana daɗewa a ruwa mai sanyi da kashin kaji mai danshi, shi ya sa daga Nuwamba zuwa Maris ake buƙatar ninka kula.

Lokacin nan ne kuma tsuntsayen ruwa ke sauka daga Turai da yammacin Asiya, suna gudun ƙanƙara, su yi hunturu a fadamar Hadejia da Nguru, da Baturiya da Dagona, da tafkin Chadi, da bakin kogin Kwara. Can suke cuɗanya da tsuntsayen gida kamar kirinjijiya da dinya. A 2007 masu bincike sun sami wani nau'i mai tsanani na wannan cuta, H5N2, a jikin kirinjijiya da dinya a fadamar Hadejia da Nguru, alhali tsuntsayen lafiyarsu ƙalau a ido. Wato tsuntsun ruwa yana iya yawo da ita bai nuna komai ba, kuma agwagwar gida ma haka take.

Sai dai kada mu ɗora wa tsuntsun daji duka laifin. Shi yakan kawo ta bakin ruwa; daga nan mu ne muke ɗaukarta gida-gida. Tana bin kiret ɗin ƙwai na takarda da ya kwana a gonaki biyar kafin ya zo naka. Tana bin tayar babur ɗin dillali, da kejin 'yan kaji, da buhun abincin da aka sake amfani da shi, da shebur ɗin mai sayen kashin kaji don lambu, da takalmin yaron da ke aiki a gonarka da safe, da yamma kuma ya taya wani a tasa. A ganina waɗannan hanyoyin sun fi tsuntsun sama haɗari nesa ba kusa ba, domin kullum a buɗe suke.

Mataki na farko: sayi littafi

Ba za ka gane ranar da abu ya sauya ba in ba ka san yadda yake kullum ba. Ka sami littafin rubutu na 'yan makaranta, ka ɗaure masa biro da zare, ka rataye a ƙofar ɗakin kaji. Kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, kaji nawa suka mutu, abinci nawa aka ci, ruwa nawa aka sha, ƙwai nawa aka ɗiba, sannan wa ya shigo daga waje. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, kuma shi likita zai fara tambaya.

Kazar ƙwai da ta kai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, don haka buhu mai kilo 25 yana ciyar da kaji ɗari biyu da 'yan kai na wuni ɗaya. Ruwa kuwa kamar ninki biyu na nauyin abincin, ya fi haka a bazara. Idan kajinka 500 sun saba cinye buhu biyu da ɗan ƙari, yau ka tarar da rabin buhu a mazubi, littafin ne zai gaya maka cewa wannan ba abin da aka saba ba ne. A ƙasashen Tarayyar Turai, a 2005, an ajiye wa masu kiwo ma'auni mai sauƙi na kiran likita: abinci da ruwa su ragu da fiye da kashi 20 cikin 100, ko ƙwai ya ragu da fiye da kashi 5 cikin 100 har kwana biyu, ko mace-mace su wuce kashi 3 cikin 100 a mako guda. A kaji 500, kashi ukun nan kaji 15 ne. Ma'aunin yana aiki a nan ma. Ni dai na fi son wanda ya fi shi tsauri: in waɗanda suka mutu yau sun ninka na jiya, gobe kuma suka ƙara ninkawa, kada ka jira mako ya cika.

Hajiya, ke da kajinki na Hausa ba su wuce ashirin ba, ba sai kin rubuta ba. Ki ƙirga su kowace magariba lokacin shiga akurki. Kaza biyu ko uku su mutu cikin kwana biyu ba tare da rauni ba, ko ki ji maƙwabta ma suna kuka da nasu, ya isa dalili.

Mataki na biyu: zagayen safe

Kafin ka zuba abinci, ka tsaya minti biyu a ƙofa ka saurara, ka kalla. Sannan ka ratsa ɗakin a hankali ta gefen bango, domin mara lafiya ɓuya take a kusurwa. Ka fara da ɗakin ƙananan tsaki, ka ƙare da na manya, in akwai ɗakin da kake zargi shi ne na ƙarshe.

Babbar alamar murar tsuntsaye mai tsanani ita ce mutuwar farat ɗaya. Kazar da ta ci abinci da daddare a wayi gari ta sandare, mai ƙiba, ba rama. Cikin kwana biyu zuwa uku tana iya share kusan ɗaki duka. Waɗanda suka ɗan jima kafin su mutu za ka ga kansu ya kumbura, musamman kewayen ido. Zankon nan ja na saman kai, da leɓatun da ke reto ƙarƙashin baki, su yi duhu kamar an shafa baba. Ka juya ƙafar ka duba ƙwaurin da ba gashi: in ka ga jajayen tabo ko shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fata kamar jini ya kwanta, wannan alama ce mai ƙarfi. Akwai zawo mai kore-kore, da majina, da numfashi baki buɗe, da murɗewar wuya, da ƙwai mai laushin ɓawo ko ɗaukewar ƙwai gaba ɗaya. Talotalo da zabi sukan faɗi da wuri. Idan kaji suna zuba amma agwagin gidan suna yawonsu, kada ka ce agwagin sun tsira. Wataƙila su suka shigo da ita.

Ba wanda ke iya rantsewa da ido kaɗai, ko likita. Cutar Niyukasul, wadda ke share kajin Hausa kusan kowane hunturu, tana kama da ita kamar an tsaga kara: zawo kore, murɗewar wuya, mutuwa da yawa. Cutar Gumboro takan kama masu mako uku zuwa shida. Zafin bazara yakan kashe manyan buroila da tsakar rana, ya lafa da dare. Abu biyu ya kamata su ƙara maka zargi: kajin da aka yi wa rigakafin Niyukasul a kan kari amma suna mutuwa da yawa, da kuma mutuwar da ta haɗa kaji da talotalo da zabi lokaci guda. Garin magani irin su tetarasaikilin ba ya taɓa wannan cuta ko kaɗan, domin bairos ce, irin ƙwayar cutar da waɗannan magunguna ba sa kashewa. Kwana biyun da za ka ɓata kana kaɗa shi a ruwa su ne kwanakin da take tsallaka katanga.

Mataki na uku: kallon daji

Wannan aikin na mutanen bakin ruwa ne: masunta, mafarauta, masu noman rani, makiyaya masu kai shanu mashaya. Tsuntsu ɗaya matacce ba labari ba ne. Amma in ka ga agwagin ruwa, ko balbela, ko zalɓe, ko kwasakwasa, biyar ko goma a mace wuri ɗaya, ko kana ganin tsuntsu yana juyawa cikin ruwa ya kasa tashi, wuya a murɗe, to labari ne. Haka in shirwa da hankaka da ungulu suka fara mutuwa kusa da juji, domin su masu cin mushe ne, abin da ya kashe wanda suka ci shi ke kashe su. A Janairun 2021 an tsinci kwasakwasa wajen 750 a mace a gandun tsuntsaye na Juj da ke arewacin Senegal, gwaji ya nuna H5N1 ne. Masu gadin gandun ne suka fara gani suka faɗa.

Kada ka taɓa da hannu, kada ka bar yara su ɗauka, kada kare ya ci. Ka ɗauki hoto daga nesa, ka ƙirga, ka riƙe sunan wurin da ranar, ka gaya wa sarkin ruwa ko mai unguwa da ma'aikacin gandun daji. Tsuntsun da ya tsaya har ka kama shi da hannu ba sa'a ba ce, ciwo ne ya tsayar da shi. Mafarauci kuma ya daina fige abin da ya harbo a tsakar gida inda kaji ke tone-tone.

A gida, ka raba kajinka da tsuntsayen waje gwargwadon iko. A sa raga a tagogi, a toshe inda gwarare da tattabaru ke shiga, a rufe abinci, a share wanda ya zube a ƙofa. Ruwan sha ya zama na rijiya ko burtsatse, ba na kududdufi ko tafkin da tsuntsaye ke sauka ba. Agwagi su kwana dabam da kaji. Sabuwar kaza da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo kyauta, ko wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, a ware ta mako uku kafin a haɗa.

Mataki na huɗu: awannin farko

Ka ga alama. Abin da za ka yi kafin azahar ya fi duk abin da hukuma za ta yi daga baya tasiri.

Rufe ƙofa. Kada komai ya fita: ba kaza, ba ƙwai, ba kiret, ba kashi, ba buhu. Kada kowa ya shigo: dillali, mai ƙwai, abokin da ya zo jaje zai koma nasa gidan kaji. Ka kira su a waya ka ce kada su zo. Mutum ɗaya ya riƙa shiga ɗakin da abin ya faru, da takalmin roba da kayan da ba ya fita da su, kuma kada ya leƙa sauran ɗakunan. A ajiye baho a ƙofa da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, a goge kashin da ke ƙasan takalmi da burushi kafin a tsoma, domin datti yana kashe ƙarfin magani. A sauya ruwan kullum. Kajin da ke yawo a sake a kulle su.

Yanzu ga wurin da ake faɗuwa. Zuciya za ta ce maka ka rage asara, ka kira dillali. Na san nauyin abin: wani bashin banki ne, wani kuɗin sallamarsa daga aiki ne, wata adashinta ne na shekara biyu. Amma kazar da ta fita daga ɗakin nan za ta kwana a keji ɗaya da kajin mutum ashirin, mai figa zai shaƙi ƙurarta, wata uwa za ta saya ta kai gida ta sake ta cikin nata. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kawo su cikin lafiyayyu, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Hukuncin bai tsaya kan raƙumi ba. Dokar ƙasa ma ta sa wannan cuta cikin waɗanda kai rahotonsu wajibi ne.

Haka al'adarmu ta cewa a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. A wannan cutar, yanka da figa da fitar da kayan ciki su ne lokacin da mutum ya fi kamuwa. Kada a yanka, kada a ba almajirai, kada a jefa wa kare ko kifin tafki.

Mataki na biyar: kai rahoto

Ka fara da wanda ya fi kusa: likitan da ke duba maka kaji, ko asibitin dabbobi na gwamnati, ko sashen gona na ƙaramar hukuma. A ƙauye a bi ta hannun mai unguwa ko dagaci, amma kai ma ka je da ƙafarka, bayan ka yi wanka ka sauya kaya. In kana cikin ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa, ka gaya wa shugaban reshenku, don ya sanar da sauran su rufe ƙofofinsu. In kana kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in garuruwan suna da asibitin koyarwa na dabbobi.

Ka faɗi magana a tsare, kada ka ce kawai "kajina suna mutuwa". Ka ce, misali: "Ranka ya daɗe, Likita, kajin ƙwai ne 500, makonsu 40. Shekaranjiya biyu suka mutu, jiya tara, yau ashirin da shida. Kansu a kumbure, zanko ya yi baƙi. An yi musu rigakafin Niyukasul na Lasota wata guda da ya wuce. Kwana biyar da suka shige mai ƙwai ya kawo kiret daga wata gona. Ban sayar da ko ɗaya ba." Likitan da ya ji wannan ya san da kayan da zai taho. Ka tura masa hoton kai da ƙafar kazar da shafin littafinka ta WhatsApp. Ka rubuta sunan wanda ka gaya wa, da rana da lokaci. In wuni ya wuce ba ka ji motsi ba, ka wuce ofishin daraktan kula da lafiyar dabbobi na jiha. Naci a nan ba rashin kunya ba ne.

Yana da kyau ka san inda maganarka ke tafiya. Daga jiha takan je wurin babban likitan dabbobi na ƙasa a Abuja, wanda ofishinsa yanzu yake ƙarƙashin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka ƙirƙiro a 2024. Samfur kuma yakan tafi Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924. A Nijar babban ɗakin gwajin dabbobi, LABOCEL, yana Yamai. In an tabbatar, ƙasa tana da awa 24 ta sanar da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da ke Paris, daga nan maƙwabta su sani su tsare iyakokinsu. Duk wannan doguwar sarƙa, zobenta na farko kiran wayarka ne.

Mataki na shida: matattun kaji

Ɗaukar samfur aikin likita ne. Yakan goga auduga a maƙogwaro da duburar kazar, ya sa a ƙaramar kwalba mai ruwan adanawa, ko ya ɗauki gawar sukutum. Kada ka feɗe kaza don ka ga cikinta. Abin da za ka taimaka da shi shi ne ka ajiye masa uku zuwa biyar waɗanda ba su daɗe da mutuwa ba. Ka sa takunkumi a hanci da baki, da safar hannu ta roba. In babu, ka zura hannu cikin leda biyu, ka kama kazar, ka juya ledar a kanta. Ka ƙulle, ka sake sawa cikin wata leda, ka fesa magani a bayanta, ka sa a kula da ƙanƙara a inuwa. Ba a firjin gida ba, ba kusa da abinci ba. Gawar da ta wuni a rana ta kumbura ba ta da amfani a ɗakin gwaji.

Sauran a binne su nan cikin gonar, kada a ɗauke su zuwa juji ko kwata ko kogi. A haƙa rami mai zurfin da ya kai tsayin mutum, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a zuba su tare da ɓuntun shinkafa ko garin katakon da suka kwana a kai, a rufe da ƙasa mai kaurin aƙalla mita ɗaya, a danne da duwatsu ko ƙaya saboda karnuka. A fadama, inda ruwa ke kusa da sama, ƙonewa ta fi, amma a ƙone ƙurmus. Bayan an gama a wanke shebur da baro da takalmi, a yi wanka da sabulu. Sabulu na gari yana lalata wannan ƙwayar cuta, domin rigarta ta kitse ce.

Mataki na bakwai: mutanen gida

Ba kasafai take kama mutum ba, amma in ta kama takan yi tsanani. A Janairun 2007 wata matashiya mai shekara 22 ta rasu da ita a Legas. Yara da mata masu ciki da tsofaffi su nisanci wurin. Duk wanda ya taɓa kajin a sa masa ido kwana goma: zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro, jan ido, ƙuncin numfashi. In ɗaya ya bayyana a tafi asibiti ranar, kuma a faɗa wa likita ƙarara cewa kaji sun mutu a gidan, don in ba a faɗa ba maganin maleriya za a rubuta. Akwai maganin da ake kira oseltamibir, wanda ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka a sashen lafiya, kuma layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, shi ne 6232.

Naman lafiyayyar kaza da ƙwai da aka dafa sosai ba su da matsala, zafin da ya kai digiri 70 yana kashe cutar. Wanda ke da shanu kusa da kaji ya lura: tun Maris 2024 an ga H5N1 a jikin shanun madara a Amurka, aka kuma same ta da yawa cikin ɗanyar madararsu. A tafasa madara kafin a sha.

Mataki na takwas: bayan sakamako

In gwaji ya nuna Niyukasul ce, ka gyara tsarin rigakafinka. Ga kajin Hausa akwai rigakafin I-2 da ake yi a Vom, wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido, a maimaita bayan kowane wata uku zuwa huɗu. In unguwa ta haɗu ta yi shi rana ɗaya kafin shigowar sanyi, za a rage asara sosai, kuma duk mutuwar da ta biyo baya za ta fi saurin jan hankali.

In murar tsuntsaye ce, ma'aikata za su zo su kashe sauran kajin, su binne, su yi feshi, su kuma zagaya gonakin kewaye. Hanyar da aka bi ke nan tun 2006. Ka tsaya a wurin lokacin ƙirga, ka tabbatar an rubuta adadi da nau'i da shekarun kajin, ka karɓi kwafin takardar da sa hannu, ka ɗauki hotonta. Diyya, in za a biya, a kan waɗanda hukuma ta kashe ake lissafa ta, ba waɗanda suka riga suka mutu ba, don haka kowace ranar jinkiri daga aljihunka take cirewa. Ba zan ɓoye ba, maganar diyya ita ce raunin tsarin nan. A farkon 2006 naira 250 aka sa wa kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, mutane da yawa suka gwammace su ɓoye, sai daga baya aka ƙara. Duk gwamnatin da ke son a riƙa kawo mata rahoto da wuri dole ta biya da wuri, kuma ƙungiyoyin masu kiwo su riƙa bin wannan haƙƙi tun kafin annoba ta zo. Ka kuma yi hattara da masu yawo da kwalabe a jaka suna cewa rigakafin murar tsuntsaye ne. Allurar da ba ta dace da nau'in da ke yawo ba tana iya rufe alamun cutar, kaji su ci gaba da yaɗa ta.

Sai tsaftace ɗaki. A fara yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a kwashe shimfiɗa da kashi da ragowar abinci a binne. A kankare ƙasa da bango, a wanke da omo, a ɗauraye, a bari ya bushe, sannan a fesa magani. In maganin feshin nan mai suna Virkon S ne, giram 10 a lita ɗaya ta ruwa. In wani ne, a bi abin da aka rubuta a jikinsa, a bar shi ya jiƙa wurin aƙalla minti goma. Kiret na takarda da buhuna da tsintsiya a ƙone su. Daga yanzu ka koma kiret na roba da ake wankewa, ko ka riƙa juye wa mai saye ƙwai a nasa a bakin ƙofar waje. A buɗe tagogi rana ta shiga, a bar ɗakin babu komai aƙalla kwana 21 daga ranar feshin ƙarshe, kuma sai likita ya ba da izini.

Ran da za ka sake zubawa, kada ka cika ɗakin. Ka fara da kaji ashirin ko talatin daga inda ka amince da shi, ka bar su su zagaye ko'ina, su yi tono a kowace kusurwa, ka riƙa rubuta lafiyarsu a sabon shafi har mako uku. In sun wuce lafiya, sannan ka yi odar sauran.